Wanda Ba Na Kiran Sunansa

Unguwar Kanawa, Kaduna
Bayan Sallar layya

Salamu alaikum Sadiya 'yata,

Gwaggonki Mero ce ke gaishe ki. Binta maƙwabciyata mai ɗinki ita ke riƙe da biro, ni nawa baki ne. Ina fata kina lafiya, da maigidanki, da angona Sharhabil. Ki ce masa in bai zo ya kawo mini cefane ba zan nemi wani mijin. Ya Katsina, ya 'yan makarantar taku? Mu nan sai godiyar Allah. Gwiwa ce dai, in hadari ya haɗo ita ke riga kowa sani. Ruwa kam ana samu, lungunmu har ya zama rafi.

Kin san ni da waya ba ma shiri. Da an kara mini ita a kunne sai in ɗaga murya, 'yan haya har na ɗakin ƙarshe su ji. Maganar nan kuwa ba ta tsakar gida ba ce. Shi ya sa na ce a rubuta, Nuhu direba in ya yi lodi a Kawo ya miƙa miki a makaranta.

Sadiya, tsoro nake ji. Yaron gidan nan ne, kin dai san ba na faɗin sunansa. Tun kafin Sallah na ga ya canja, na ce ko zazzaɓin damina ne. Tuwon da nake aika masa yadda ya shiga haka yake fitowa, sai gefe ɗaya da aka ɗan gutsura don kar in yi magana. Aski ya bari. Rediyon da ke damunmu da labarai da safe ya yi shiru. Majalisar da yake zama bayan la'asar ya daina zuwa, abokan sun zo nemansa har sun gaji. Da safe zai sa kaya ya fita kamar mai zuwa wajen aikinsa, sai ga wata 'yar unguwarmu ta ce ta gan shi a bakin wani masallaci a Unguwar Dosa da rana tsaka. Ba salla yake ba, ba barci yake ba. Yana zaune kawai, yana kallon takalminsa.

Na karɓo rubutu na zuba masa a kunu. Na yi hayaki har 'yan haya suka fara tari suna harara. Addu'a kuwa ba dare ba rana. Shi bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba. Da faɗa yake yi ma da na samu abin kamawa. In an gaishe shi sai ya ce lafiya lau, da wata murya kamar daga cikin rijiya.

Binta na cewa in gajarta takarda ta kusa cika. Bari in faɗi abin da ya sa na nufe ki. Ke kin yi karatu, kuma ba a garin nan kike ba, maganar ba za ta zagayo ta dawo kunnen mutane ba. Ni da mahaifinki kakanmu ɗaya, da yana raye shi zan kai wa kukana. Ki gaya mini, wannan wane irin ciwo ne da ba ya zafin jiki? Ko sammu ne? Me ake yi masa?

Ki gaida kowa da kowa.

Gwaggonki,
Mero

*

Katsina
Ranar Lahadi

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na yi murna da jin gwiwa ce kawai ke damunki a jiki. Ki riƙa gasa ta da ruwan ɗumi. Mu ma lafiya lau muke, sai nauyin ciki da ya fara hana ni hawa bene. Angonki ya ce cefane sai ya fara aiki, in kin gaji da jira ki yi gaba.

Gwaggo, na gane wanda kike nufi. Tun bikin da muka haɗu bara na ga yadda kike ɗauke kai in Aminu ya shigo, saboda barin koyon walda da ya yi ya koma tuƙin Keke. Ashe fushin bai huce ba, har sunansa kin ƙi a rubuta. Ki yi haƙuri, ɗa ne, kuma autanki. Abin da kika lissafa, rashin ci da zama shiru da gudun mutane, yakan samu matasa in rayuwa ta cushe musu, wani lokacin kuma abokai ne suka koya musu shaye-shaye. Ban ce shi ne ba, amma a bincika.

Don kar abin ya yi nisa, a ranar na kira Yaya Kabir. Na gaya masa gaskiya, har na ɗan yi masa zafi. Na ce shi ne babba, shi ne uba a gidan tunda Baba ya rasu, bai dace a ce mahaifiyarsa tana kuka har kukan ya iso Katsina, shi yana ofis cikin sanyin fanka bai san me ake ciki ba. Na ce duk gidan nan shi ake kallo, in ya yi sake wa zai riƙe? Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To, Sadiya. Na ji. Laifina ne." Kin san Yaya Kabir, dutse ne, in ya ce to an gama. Ki kwantar da hankalinki, zai ja wa Aminu kunne.

'Yarki,
Sadiya

*

Unguwar Kanawa
Ranar da takardarki ta iso

Sadiya,

Ina gaisuwa, ina yi miki sannu da nauyi, Allah ya raba lafiya. Mu muna nan da rai.

Da Binta ta karanta mini takardarki sai da na ce ta sake daga farko, na zaci kunnena ne. Wane Aminu? Aminun da ke cinye nasa ya leƙa tukunya? Ai shi sunansa nake kira tun safe har ya ce Inna kin ishe ni. Fushin walda kuwa tuni na manta da shi, Keken ma yana rufa masa asiri.

Wanda na haifa da fari nake nufi, Sadiya. Wanda kika kira.

Ku 'yan yanzu kuna goya ɗan fari kuna yi masa rawa a gaban surukai. Mu ba haka muka tashi ba. Ina yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma can ƙauye. Ya ji ƙannen babansa suna ce mini Yaya, shi ma ya kama, har gobe Yaya yake ce mini. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ba na zama inda yake zaune, ba na kallon idonsa. In ina son ya ci abinci sai in ce wa yaran gida su gaya wa masu ɗakin ƙofa an sauke. Haka aka koya mana kunya, kuma ba wanda ya taɓa cewa da ni akwai ranar da za ta yi mini tsaye a wuya.

Yanzu na gane abin da ya faru ran nan. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai ga shi ya fito ya tsugunna can nesa, ya cire hula. Bai kalle ni ba, bango yake kallo. Ya ce, "Yaya, an ce na bar ki kina kuka. Ki yafe mini. Na san ban tsinana wa kowa komai ba." Sadiya, kin san me na ce? Na ja mayafina na ce Allah ya yi albarka, ina kallon rariya. Shi ke nan abin da ya fito. Ya daɗe a tsugunne, sannan ya tashi.

Washegari ya kira Aminu ya kwaso masa manyan kayansa, shaddojin Sallah, da huluna, har agogon hannunsa. Aminu ya fito yana juyi a tsakar gida yana cewa Yaya ya yi masa Sallah ta biyu, Inna ki ga yadda ta zauna mini. 'Yan haya suna ta dariya. Ni ban yi dariya ba. Mai rai da lafiya ba ya rabon kayansa haka.

Abin da ban faɗa miki ba wancan karon, don kar a gane, shi ne abokinsa Tijjani da suke ofis ɗaya. Tare suka fara aiki, tare suke cin abincin rana. Tijjanin yana cikin magana ya kife a kan tebur, a hannun wannan ya cika kafin a kai asibiti. Shi ya yi masa wanka, shi ya shiga kabari, shi ya tsaya wa matar da yaran. Ko hawaye bai yi ba, mutane suna ta yaba masa. Ni ma na yaba a zuciyata. Sai da aka watse, kowa ya koma harkarsa, sannan abin ya fara cin sa. Surukata Lubna ta ce ko ita ba ya yi wa magana, yara in sun hau jikinsa sai ya sauke su a hankali ya juya.

Ban ga laifinki ba, ni ce ban fito fili ba. Amma don Allah kar ki sake kiransa ki ce masa shi ake kallo. Ki gaya mini abin yi da wuri.

Gwaggonki,
Mero

Anti Sadiya, ni Binta ce na ƙara wannan. Malam Kabir take nufi. Tun a takardar farko na ce ta bari in sa sunan, ta ce kar biro ya faɗi abin da bakinta bai faɗa ba. Yanzu ta shiga ɗaki ne na rubuta. Mutumin nan ya rame ƙwarai, ki taimaka.

*

Katsina
Ranar Alhamis

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Jikina da sauƙi, amma hankalina ba ya jikina.

Sai jiya takardarki ta zo hannuna. Motar Nuhu ta lalace a Funtuwa, ta daɗe a gareji, takardar tana cikin aljihun mota. Duk tsawon lokacin nan ina zaune ina ganin na kyauta. Da na karanta, a tsaye nake a ofishin malamai, sai da wata ta ja mini kujera.

Na san al'adar ɗan fari, Gwaggo, ina jin ta a bakin mutane. A gidanmu na bariki ba a yi ta ba, hankalina bai kai can ba. Amma gaskiyar magana, ko da kin rubuta sunan ɓaro-ɓaro sai na yi gardama. Wa zai zaci Yaya Kabir? Shi ne ake kira in an kwantar da wani a asibiti, shi ne ake kira in aure ya rikice. Ban taɓa jin wani ya kira shi ya ce ya kake ba, har ni. Na samu mutum yana nitsewa na ɗora masa dutse. Ina ta kiran wayarsa a kashe take.

Ciwon nan na san shi, don na yi shi bayan haihuwar Sharhabil. Ban gaya wa dangi ba. Ina kallon jaririna ba na jin komai, ina ganin kowa zai huta in ba ni. Ciwon damuwa ake ce masa. Ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma yana da magani kamar hawan jini. Maigidana ya kai ni wajen likita, aka yi ta zama da ni ana magana, aka ba ni magani, ga ni yau.

Rabon kayan nan ya tsorata ni. Na karɓi lambar Aminu wajen Nuhu, na yi masa bayani, na ce kar a bar Yaya shi kaɗai, kuma ya kwashe duk abin da mutum zai iya cutar da kansa da shi daga ɗakin. Ki ci gaba da addu'a, amma a kai shi asibitin da ke tsallaken kogi, wajen likitocin wannan ciwon. Kar ki ji tsoron abin da unguwa za ta ce.

Saura mai wuyar. Sai wani ya zauna kusa da shi ya tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin barin duniya. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. Kuma ina ganin ke ce, Gwaggo. Da zan iya da na taho yau, likita ya hana ni doguwar tafiya. Ki ajiye kunyar nan ko na yini ɗaya ne. Ki ce masa ba ki yi fushi ba, ki ce masa kina son sa da ransa.

Na ba wata malamarmu mai zuwa Kaduna wannan takarda, ba zan sake jiran mota ba.

'Yarki mai neman gafara,
Sadiya

*

Unguwar Kanawa
Ranar Talata

Sadiya 'yata,

Ina gaishe ki da jiki. Ki daina kuka da tsohon ciki, ba kyau. Ashe ke ma kin sha wannan, muna nan muna cewa Sadiya ta yi ƙiba ta samu hutu. Allah ya yafe mana.

Malamar ta kawo takarda har gida, Allah ya saka mata. Sai dai kafin ta iso Lubna ta kwashi yara ta tafi gidansu Unguwar Rimi. Kar ki zarge ta. Yarinyar nan ta yi haƙuri, ita a zatonta ita ya tsana. Ta durƙusa a gabana tana kuka ta ce, "Inna, in laifi na yi ya faɗa mini, wannan shirun zai kashe ni." Ni kuma a lokacin ban san sunan ciwon ba balle in gaya mata. Na ce ta je ta huta. Da takardarki ta riga zuwa da ban bari ta fita ba. Tunda yaran suka tafi ɗakin ya zama kamar kango. Daga ofis ma an aiko wani Malam Audu ya zo tambaya, ya ce manya sun fara magana.

Aminu ya ba ni mamaki. Ya ninke kayan nan tsaf ya mayar, ya ce, "Yaya, sun yi mini yawa, sai na yi tumbi irin na manyan ma'aikata zan karɓa." Ya ajiye Keken, yana yini a ƙofar ɗakin yana ba shi labarin fasinjoji, shi kaɗai yake magana shi kaɗai yake dariya. Abubuwan da kika ce a kwashe ya kwashe. Da ya kawo zancen asibiti sai aka ce masa, "Ni ba mahaukaci ba ne, ku bar ni." Aminu ya zo ya ce mini, "Inna, ke kaɗai ce bai taɓa yi wa musu ba." Na ce ai don ban taɓa ce masa ya yi komai ba ne.

Na gwada, Sadiya, Allah ne shaidata. Jiya da hantsi na dama fura na ɗauka da kaina. Na tsaya a bakin ƙofa na ce masu ɗaki, ga fura. Aka ce to. Sai na ɗaga labule na shiga. Tunda aka gina ɗakin nan ban taɓa taka cikinsa ba. Yana kwance ya juya wa ƙofa baya, da ya ga ni ce ya yi zumbur ya zauna yana neman hula. Na zauna a bakin kujera. Duk maganar da kika koya mini na haddace ta, na yi ta maimaitawa tun asuba. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar an ɗaure shi. Na ga wuyansa ya zama siriri, na ga furfura a gemunsa, ni ban ma san yana da furfura ba. Sai na tsinci kaina na ɗauki tsintsiya ina share masa ɗaki. Ya ce, "Yaya, bari, zan yi." Na share na kwashe, na fito. Furar ma a nan ta tsinke.

Kin ce in ajiye kunya na yini ɗaya. 'Yar nan, ba zane ba ce da zan kwance in rataye. Tun ina yarinya aka saƙa mini ita a jiki. Da na san haka za ta yi mini, da tun yana ƙarami na riƙa sata ina kiransa ko a bayan ɗaki ne, bakina ya saba.

Ga wata kuma, Binta za ta tafi Zariya jibi, 'yarta ta haihu, sai an yi arba'in. Aminu boko bai zauna masa ba, rubutunsa ko shi ba ya iya karantawa. Ban san wa zai riƙe mini biro ba. In kin ji shiru ki sa mu a addu'a.

Gwaggonki,
Mero

*

Unguwar Kanawa
Ranar Asabar

Salamu alaikum Sadiya,

Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da angona. Ya nauyin jiki? Gwiwata ta ɗan lafa.

Za ki ga rubutun ya canja. Binta ta tafi. Yau da safe 'yan haya sun watse, na shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofar ɗakin nan, na ɗauko wake ina tsincewa. Na ce, oho, yau dai ba mai rubuta wa tsohuwa takarda a gidan nan, 'yata tana can da tsohon ciki tana jiran amsa. Na faɗa na sake faɗa. Can sai na ji motsi, aka fito da biro da takarda. Na juya baya. Na ce sharaɗina ɗaya, abin da na faɗa shi za a rubuta, mai rubutu ba ya gyara mini magana, ba ya tsallake.

To Sadiya, da ke nake magana.

Akwai wani yaro da na haifa. Ranar da aka ɗauke shi daga ɗakina ban yi kuka a gaban kowa ba, aka ce Mero akwai kunya. In zan je rijiya sai in bi ta bayan dangar kakarsa, hanyar ta fi nisa, don dai in ji muryarsa. Da ya yi ƙyanda ba a bar ni na zauna kusa ba, a bayan ɗaki na yini ina jin tarinsa. Ranar da ya samu aiki har mutane suka zo yi mini barka na ce wane aiki, ban sani ba, alhali ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Shi duk bai san wannan ba. Ya tashi yana ganin sai ya yi wa kowa hidima sannan yake da wurin zama a gidan nan. Ban taɓa ce masa sannu ba, ya za a yi ya san ya isa haka?

Ya ce wai bai tsinana komai ba. Ki gaya masa, Sadiya, ko da bai taɓa kawo ƙwayar hatsi gidan nan ba, ɗana ne. Kukan da aka ce ina yi ba don ya gaza ba ne, don ina ganin yana ciwo ne ban iya cewa ina ke maka ciwo ba. Ki gaya masa wanda ya rasa aboki irin Tijjani in ya yi kuka ba a ce ya yi raki. Ki gaya masa ke ma kin yi wannan ciwon kin warke, ga ki da ɗanki ga wani a hanya.

Mai rubutu, hannunka ya tsaya. Rubuta, ban gama ba.

Kin ce a yi wata tambaya kai tsaye. Ni ban iya kai tsaye ba, sai dai ta hannunki. Ki tambayar mini shi, yana tunanin barin duniya? Ya faɗi gaskiya, ba zan yi ihu ba, ba zan tara masa mutane ba. Rubuta cewa na yi shiru ina jira.

To, na ji. Na gode da aka gaya mini.

Ban taɓa roƙonsa komai ba, yau zan roƙa. Jibi Litinin ina son a raka ni asibitin tsallaken kogi. Aminu zai kai mu a Kekensa. Ni zan shiga gaba, duk wanda ya gan mu ya ce tsohuwa ce aka kawo, ban damu ba. Zan zauna a bakin ƙofar likita har a fito. Unguwa ta faɗi abin da za ta faɗa, ofis ma su yi yadda suka ga dama. Ni dai ina son Kabir da ransa.

Ki gaida mutanen Katsina. In kin sauka a aiko mana.

Gwaggonki,
Mero

Sadiya, ni ne. Kar ki nemi gafarata kan wayar nan, abin da kika faɗa shi nake faɗa wa kaina tun kafin ki kira.

Amsar tambayarta, e, na yi tunanin, ba sau ɗaya ba. Ban iya fuskantarta da ita ba. Sai na rubuta a gefen takarda ina karantawa da ƙarfi kamar mai duba kuskure, ita kuma tana jin ta da bayanta a juye. Ba ta yi ihu ba, kamar yadda ta ce.

Ban ji sauƙi ba tukuna, kar in yi miki ƙarya. Amma na ce to, za mu je Litinin. Lubna ban san da wane ido zan kalle ta ba, Aminu ya ce zai fara zuwa ya yi mata bayani. Labarin rijiya da na ƙyanda yau na fara jin su, da furfurata. Ina ma na ji su tun da sauran ƙarfi a jikina.

Inda kika ga sunana a sama, ba ta faɗe shi ba. Da ta zo wurin ta buɗe baki ta tsaya, wake yana zubewa daga faifai ba ta sani ba. Na jira, na ga ba zai fito ba, sai na rubuta da kaina. Na karanta mata layin. Sannan ta ce, "Haka ne. Bar shi a nan."